Na dawo daga Yellowknife, wanda ke da niyyar zuwa ya matso

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum jama'ar gida. Kwana biyu shiru, tafiya nayi. Ni da wani abokin aikina muka je Yellowknife farkon watan Maris, kwana shida, kuma tunda na dawo Calgary garin nan ya ƙi fita daga raina shi yasa nace bari in zo in zuba muku. Ga wanda bai sani ba shine babban birnin yankin Northwest Territories, can saman Kanada, a bakin tafkin Great Slave, tsakaninsa da da'irar Aktik, wato iyakar yankin ƙarshen arewacin duniya, wajen kilomita 400 ne kawai. Mutanen garin gaba ɗaya dubu 20 da ɗan ɗoriya. Kowa hasken sama yake zuwa kallo, wanda suke cewa orora, nima shi ya kaini, amma wallahi ba shi bane ya fi tsaya min a rai. Tafkin ne. Na taka ruwa da ƙafata, mota ta wuce ta gefena a kan ruwan, na duƙa na share dusar ƙanƙara da hannu sai ga ƙanƙara garau kamar gilashi, da tsagu farare sun nutsa can ƙasa, bayansu kuma baƙi wuluk baka ganin ƙarshe. Jikina sai da yayi sanyi, ba na iskar wajen ba.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam, sannu da hanya Malam. Ni dai tambayata ɗaya, me ya yi zafi? Sanyin Calgary bai isheka ba sai ka ƙara gaba? Mu nan Toronto in aka ce ƙasa da sifili da 15 yara ma bana bari su leƙa waje

Ɗan Zazzau: Hajiya sanyi kam akwai shi ba zan ɓoye ba. Daren farko wayata ta nuna 33 ƙasa da sifili, kuma ƴan garin cewa suke ai mun zo da sauƙi, Janairu ne uban tafiya. Kana shaƙar iska zaka ji gashin cikin hancinka ya ƙame, numfashinka ya hau kan gashin ido ya zama fari. Amma sanyin busasshe ne, irin na hunturu da ke fasa leɓe, ba mai jiƙa mutum ba, in ka saka kaya yadda ya kamata zaka iya awa biyu a waje lafiya lau. Kuma kayan haya ake bayarwa, babbar riga da wando da takalmi da safar hannu, har otal suke kawo maka. Kar wanda ya ce zai je da jaket ɗinsa na cikin gari dan Allah.

Bagobiri: Kai ɗan uwa ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni naje shekara biyu da suka wuce kuma gaskiya ban ji daɗi ba, zan faɗi tsakanina da Allah. Dare uku na biya wani kamfanin masu kai mutane kallo, dare biyu hadari ya rufe sama ruf, na ukun kuma abin da na gani da idona wani fari-fari ne kamar hayaƙi, sai a waya ne yake fitowa kore shar. Da na yi magana suka ce su basu da iko da sama, to na sani, amma ai hoton da suke talla dashi ba haka yake ba. Ga tsadar abinci, ga tsadar ɗaki. Kuɗin da na kashe da gida naje na ga tsohuwata da ya fi min.

Ɗan Zazzau: Bagobiri ban ƙi taka ba ko kaɗan. Maganar kamara gaskiya ce, in hasken mai rauni ne ido baya kama launin sosai a duhu, waya ce ke tara hasken na ɗan daƙiƙu ta fito dashi kore. Mu ma dare biyun farko haka muka gani. Amma dare na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya saura, abin ya buɗe daga wannan gefen sama zuwa wancan, kore na gaske da ido, gefensa na ƙasa yana yin ja-ja, yana kaɗawa kamar an shanya zani iska na bugunsa, kuma shiru kake ji ba sauti ko ɗaya. Akwai wasu ƴan Japan kusa damu wata mata har kuka take. Ni dai subhanallah kawai nake ta maimaitawa. Shi yasa nake cewa wanda zai je ya ware dare huɗu ko biyar, kuma kar ya ɗora duk tafiyar a kan hasken, don in ka ɗora a kansa kaɗai to kana iya dawowa da haushi irin naka.

Malamin Fiziks: Bari in ɗan sa baki kan hasken. Rana ce ke watso ƙwayoyi masu caji, maganaɗisun duniya ya jawo su wajen ƙarshen arewa da na kudun duniya, su bugi iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa, oksijin ya bada kore, naitirojin ya bada shuɗi da ja-ja ɗin da ka gani a gefe. Abin yana yin zobe ne a kewayen ƙarshen arewacin duniya, shi kuma Yellowknife a ƙarƙashin zoben nan yake daidai, ga ƙasar shimfiɗaɗɗiya ba manyan duwatsu, ga nisa da teku don haka hadari bai cika yawa ba a tsakiyar sanyi. Kuma ƙarfin rana yana hawa yana sauka duk wajen shekara 11, 2024 da 2025 lokacin ganiyarsa ne. Bagobiri wane wata kaje?

Bagobiri: Farkon Nuwamba

Malamin Fiziks: To ai nan matsalar take. Lokacin tafkin bai gama daskarewa ba, ruwa na tashi yana haɗa hadari. Ko dai ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ko kuma ka bari sai Disamba zuwa ƙarshen Maris.

Yayan Ndilo: Salam. Wani ne ya turo min wannan zaren yace ana maganar garinmu. Shekara bakwai nayi a Yellowknife ina aikin jinya kafin in dawo Edmonton, don haka ku bani dama in yi tsawo. Abin da ke ɗan sosa min rai da masu zuwa yawon buɗe ido shine su sauka daga jirgi, a kwashe su a bas zuwa daji da daddare, su ɗau hoto, su kwana har azahar, su koma. Ba su san ƙasar waye suka taka ba. Sunan garin ma daga mutane aka samo shi, ƙabilar Dene ta wajen da Turawa suka kira masu rawayan wuƙa saboda wuƙaƙen jan ƙarfe da suke ƙerawa. Har yau suna nan, ƙauyukansu biyu, Ndilo a ƙarshen tsibirin Latham cikin gari, da Dettah a ɗaya gefen ruwa. A yaren Tlicho kuma sunan garin Somba K'e, wai inda kuɗi yake, kun ga ai sun faɗi gaskiyar abin da ya kafa shi. Zinare aka gano a 1934 mutane suka yo ca, sai a 1967 aka mai dashi babban birni.

Ɗan Zazzau: Anti sannu da zuwa, dama irinku nake nema. Dettah ɗin nan ita ce naje ta hanyar ƙanƙara. Ta tudu kilomita 27 ne zagaye, ta kan ruwa kuma wajen 6 kacal, hanya fetal an share ta da faɗi kamar filin jirgi, har da alamun hanya a kafe cikin dusar ƙanƙara. Direbanmu ɗan Dettah ne, dattijo, ya tsaya ya nuna mana yadda suke sa taru a ƙarƙashin ƙanƙara, rami biyu ake hudawa a zura igiya tsakaninsu, washegari a jawo. Ina tsaye ya jawo nasa, kifi fari manya suna fitowa suna mutsu-mutsu, kafin ya gama kwance na ƙarshe na farkon ya sandare kamar itace. Hannunsa tsirara yake aikin nan fa, lokaci lokaci ya tura cikin hammata ya ɗumama ya cigaba. A bukkarsa ya soya mana shi da wani burodinsu da suke kira banok, kamar tsakanin fanke da gurasa. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba.

Uwar Biyu: Tsaya tukuna, Great Slave? Tafkin bayi kenan? An yi cinikin bayi a wajen ne

Yayan Ndilo: A'a ƴar uwa ba irin wanda kike tunani ba. Wani reshe ne na Dene da ake kira Slavey, sunan kuma maƙwabtansu ƴan ƙabilar Cree ne suka laƙaba musu zamanin da suke kai musu hari, Turawa ƴan fataucin fatu suka fassara ya bi tafkin. Da yawansu basa son sunan, suna da nasu sunayen da suke kiran ruwan dashi tun kaka da kakanni. Kuma tafkin ba wasa bane, zurfinsa mita 614 a wani wajen, babu wanda ya kai shi zurfi a duk Amurka ta Arewa.

Ɗan Barno: Faɗinsa fa? don ni in aka ce tafki Chadi nake aunawa dashi

Malamin Fiziks: Wajen murabba'in kilomita dubu 27. Kusan girman tafkin Chadi kenan a shekarun 1960 kafin ya janye, sai dai Chadi ba zurfi shi kuma wannan rijiya ce.

Ɗan Barno: Ikon Allah. Duk wannan ya daskare har mota ta hau

Yayan Ndilo: Ba ƙaramar mota ba ma. Akwai hanyar sanyi da ake yi duk shekara daga ƙarshen titin Ingraham Trail zuwa mahaƙar daiman da ke wajen kilomita 300 arewa maso gabas, mafi yawanta a kan tafkuna take, tireloli ɗauke da man dizal da siminti ke bi wajen wata biyu kawai, Fabrairu da Maris, in ta narke sai baɗi. Daiman ɗin a 1991 aka gano shi, mahaƙar Ekati ta fara aiki 1998, ta Diavik 2003, shi ya riƙe garin da zinare ya ƙare. Amma tunda an zo maganar zinare akwai abin da nake so duk mai zuwa ya sani, don bas ɗin yawon dare ta gefensa take wucewa ba a cewa komai. Giant Mine. Daga 1948 zuwa 2004 aka haƙi zinare a wajen, kuma don a raba zinaren da dutse sai an gasa shi, gashin nan ke fitar da ƙurar asinik, guba ce tsantsa. Shekarun farko ta bututu take fita ta sauka a kan dusar ƙanƙarar da mutanen Ndilo ke narkawa su sha, a 1951 yaro ƙarami ya rasu ta dalilin haka. Daga baya aka riƙa tara ƙurar ana turawa cikin ramuka a ƙasa, yanzu tan dubu 237 ke kwance a wajen, a bakin ruwa, ƴan kilomitoci daga tsakiyar gari. Kamfani ya karye ya bar wa gwamnati, dabarar da ake yi yanzu shine a daskarar da dutsen da ke kewaye da ita kar ruwa ya shiga, aikin da kuɗinsa ya haura dala biliyan 4. Wata tsohuwa da nake dubawa a asibiti tace min wajen nan da can nan suke tsinkar ƴaƴan itace suna yara, yanzu ko jikokinta bata bari su taɓa. Na daɗe ina tuna maganar nan.

Bagobiri: Innalillahi. Wannan ai sai ya tuna min Zamfara 2010, Bagega da Dareta, gubar dalma wajen niƙa dutsen zinare, yara sama da 400 suka rasu. Ashe har ƙasar da ake ganin ta ci gaba. Wallahi ni ba wanda ya gaya min wannan da naje, kuma tabbas mun bi ta hanyar.

Ɗan Zazzau: Nima a gidan tarihinsu na Prince of Wales na fara jin labarin, sannan dattijon nan ya ƙara min. Ku je gidan tarihin, akwai wani babban jirgin ruwa na fatar dabbar mus, wata irin ƙatuwar barewa, da aka ɗinka da hannu, in ka tsaya gefensa sai ka raina kanka. Kusa dashi majalisarsu take, mambobi 19 kuma ba jam'iyya ko ɗaya, kowa da ƙafarsa yake shiga sannan su zaɓi firimiya a tsakaninsu, harsunan hukuma kuma 11. Ana zagayawa da baƙi ciki.

Alaramma: Duk naji. To ya maganar sallah da abinci? don ni shine abin da ke hanani irin waɗannan wuraren

Ɗan Zazzau: Allah gafarta Malam a Maris ba matsala, dare da rana kusan daidai suke. Akwai musulmi a garin ba laifi, yawancin direbobin tasi ma da na shiga ƴan uwa ne daga Somaliya da Sudan, su suka nuna min inda ake Juma'a. Abinci kuma kifi ya wadatar. Alwala ce sai ka yi dabara, ka yi ta a ɗaki ka bushe sosai kafin ka fita, ka sa safa da tsarki don ka samu damar shafa, kar ka kuskura ka fita da jiƙaƙƙen gemu.

Yayan Ndilo: Lokacin zafi ne ake shan aiki Malam. A Yuni rana tana yin awa 20 a sama, in ta faɗi ma duhu baya shiga, jan nan na magariba bai gama ɓacewa ba alfijir ya keto. Shekarar da na fara zuwa azumi a Yuni ya faɗo. Wasu suka bi rana yadda take, wasu suka bi lokacin Edmonton, wasu na Makka, kowa da malamin da ya bashi fatawa. Disamba kuma akasin haka, rana bata fi awa 5 ba, kana idar da azahar la'asar ta shigo.

Alaramma: Na'am, malamai sun yi magana a kai, suna kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Muslim, inda sahabbai suka tambayi ranar da za ta yi tsawon shekara ko sallar yini ɗaya ta isa, Annabi (SAW) yace a'a ku ƙaddara mata. Amma inda rana ke fitowa tana faɗuwa cikin awa 24 da yawa sun ce a bi ta a azumi ko da tsawo, wanda ya kasa ya rama. Isha'i ce ake ƙiyastawa in shafaƙi bai ɓace ba. Wanda zai je ya tambayi limamin wajen, su suka san halin da suke ciki. Naji ma akwai masallaci can sama da nan a Inuvik

Yayan Ndilo: Akwai, 2010 aka kai shi. A Winnipeg aka gina shi sukutum, aka ɗora a tirela har Hay River a kudancin wannan tafkin, daga nan aka sa shi a jirgin ruwa ya bi kogin Mackenzie, tafiyar sama da kilomita 4,000.

Direban Alberta: Ni da mota naje a watan Yuli, kuma ina ba duk mai ƙarfin hali shawara ya gwada ko sau ɗaya. Daga Edmonton wajen kilomita 1,500, kwana biyu nayi, na kwana High Level. Zaka wuce magangarar ruwa ta Alexandra dab da titi, sannan gadar Deh Cho a kan Mackenzie wadda aka buɗe 2012, kafin ita sai jirgin fito da rani, hanyar ƙanƙara da sanyi, tsakanin biyun kuma garin a yanke yake sai ta sama. Ka cika tanki a Fort Providence ko da rabi gareka don gaba daji ne zalla ba gidan mai ba netwok na dogon lokaci, ga ɓaunayen nan nasu kwance a kan kwalta ko a jikinsu, ɗaya ya kusa girman motata, dole ka tsaya sai sun ga dama, kuma kar ka yi tuƙin dare saboda su. Kusa da gari titin yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa saboda ƙasar da ke daskare a ƙarƙashi tana narkewa. Sauro kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, ba ya sa zazzaɓi amma tawaga guda yake zuwa.

Uwar Biyu: Hanya ɗaya ce tal kenan? in wani abu ya faru fa

Yayan Ndilo: Ya faru ai Hajiya. 16 ga Agusta 2023 aka ce kowa ya fita saboda gobarar daji ta doso gari. Ina cikin garin lokacin. Sama tayi ja, toka na sauka a kan gilashin mota, layin motoci a kan titin nan guda ɗaya ba ka ganin ƙarshensa, waɗanda basu da mota suka yi layi a wata makarantar sakandare ana rubuta suna don jirgi. Mu sai da muka ga an kwashe marasa lafiya sannan muka tafi. Da muka bi ta Enterprise kusan duk ƙauyen ya ƙone, ƙarafuna kawai a tsaye. Sati uku muna Alberta, 6 ga Satumba aka bari a koma. Wutar bata shiga garin ba alhamdulillah, amma wanda zai je da rani ya riƙa duba labarin gobara da hayaƙi kafin ya kama hanya.

Ɗan Zazzau: Allah ya kiyaye gaba Anti. Daga sama ma ana ganin tabon, baƙaƙen itatuwa tsaye cikin farin ƙasa. Abu na ƙarshe da zan ƙara, ku sauka tsohon gari da ƙafa, ku hau dutsen da aka kafa alamar tunawa da matuƙan jiragen daji, matakala ce ta katako ba wuya. Daga can zaka ga gidajen kan ruwa masu launi-launi kusa da tsibirin Jolliffe, ƙanƙara ta riƙe su, masu su suna fitowa da ƙafa suna jan kaya a kan wani abin ja mai zamewa a ƙanƙara, da rani kuma sai kwale-kwale. A gefe ga fadar da suke ginawa da dusar ƙanƙara duk Maris, har da tagogin ƙanƙara da wajen zamiyar yara da ɗakin kiɗa, in bazara tazo ta narke ta koma tafki. Ko wace mota da igiyar wuta tana leƙowa ta gaba, a jona ta da daddare in ba haka ba injin ba zai tashi ba. Sannan hankakinsu, baƙi ƙirin ba farin ƙirji irin namu, ya ninka namu girma, a 30 ƙasa da sifili yana zaune kan fitilar titi yana ta surutu.

Bagobiri: To kun sa na fara sake tunani. In Allah ya kaimu Maris mai zuwa wataƙila in ƙara gwadawa, amma wannan karon Dettah zan fara nufa. Ɗan Zazzau daga Calgary jirgi kai tsaye ka samu ko sai da ka biya Edmonton?

Ɗan Zazzau: Kai tsaye, awa biyu da ɗan wani abu. Ka sa wayarka a aljihun ciki kusa da jiki kuma ka tafi da abin caji, tawa daga caji kashi 70 ta mutu cikin minti goma a kan tafki. Takalmin haya kuma ka karɓi wanda ya ɗara ƙafarka da lamba ɗaya saboda safa biyu.

Uwar Biyu: Yara ƴan shekara 9 da 11 zasu iya? Babban ne ya leƙo yana karantawa tare dani yanzu ya hanani sakat

Yayan Ndilo: Zasu iya Hajiya, yaran garin a ciki suke zuwa makaranta kullum. Ki kai su ƙarshen Maris sanyin ya ɗan sassauta kuma fadar ƙanƙarar tana nan, ki riƙa duba kumatunsu da hanci, in kika ga wani waje yayi fari ki shigar dasu ɗaki ki ɗora tafin hannunki mai ɗumi a wajen, kar ki murza.